Takardar da Malam Ɗahiru Ya Ɓoye a Hula

Mahaifina, Malam Ɗahiru mai wankin hula, bai taɓa kiran sunana ba. Sunan nawa kuwa ba wani mai nauyi ba ne, Musa ne kawai. Shekarata arba'in da ɗaya, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ina da shagon yadi a Kwari, amma a bakinsa ni "ɗan Luba" ne. Luba ƙanwarsa ce, gwaggona, ita aka miƙa wa ni ranar da aka yaye ni, domin ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ɗan fari abin jin kunya ne ga iyayensa. Ba sa kallonsa ido cikin ido, ba sa kiran sunansa, balle hira. Lungu ɗaya ne tsakanin gidan Gwaggo da namu a Jakara, kullum da safe nake zuwa gaisuwa. Ko ina tsugune a gabansa, in yana da saƙo sai ya kalli bangon zaure ya ce, "A gaya wa ɗan Luba gobe akwai ɗaurin aure a Dala." Ni kuma in ce wa bangon to.

Ban taɓa jin haushin wannan ba. A haka na tashi, a haka na ga ana yi. Sai bara ne abin ya tsaya mini a wuya.

Malam gajere ne, siriri, tafin hannunsa ya yi fari saboda sabulu. Rumfarsa tana bakin lungunmu, inda za ka ga kawunan katako jere a rana, kowanne sanye da hula: zanna, damanga, tangaran, ƙube. Ba ya rubuta sunan kowa, amma ko huluna ɗari ne a gabansa ya san mai kowacce, ya san wanda yake son sitati da yawa, ya san wanda goshinsa ke yawan maiƙo. Da abu biyu yake tinƙaho a duniya. Na farko, bai taɓa ba wani hular wani ba. Na biyu, alwalar Azahar ita ke kai shi Isha'i. Wannan na biyun duk unguwa an san shi da shi, har tsokanarsa ake yi, ana cewa Malam Ɗahiru ba shi da hanji. Sama da shekara talatin yana sahun farko a masallacin unguwa, daidai bayan liman.

Akwai abu ɗaya da ba a ambata a gabansa, shi ne rasuwar yayansa, Baffa Ado. Shekara tara da suka wuce fitsari ya ɗauke wa Baffa, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, ba a je asibiti ba sai da abu ya yi nisa. Aka ce ciwon daji ne, ya riga ya shiga ƙashi. Wata huɗu Baffa ya yi a kwance da robar fitsari, kuma Malam ne ya yi jinyarsa, shi yake zubar da ledar da hannunsa, bai yarda ko 'ya'yan Baffa su taɓa ba. Da aka dawo daga maƙabarta ya koma rumfarsa ya ci gaba da goge hula, bai ƙara tayar da zancen ba.

To, a watan Rajab na bara na fara ganin buta a gindin rumfarsa. Ban kawo komai a raina ba. Sai na ga ya bar bayan liman ya koma ƙarshen sahu. Bayan kwana goma ya koma sahun baya, bakin ƙofa, kusa da takalma. Daga nan sai ya daina zuwa Magariba da Isha'i gaba ɗaya. Na tambayi mahaifiyata, Inna Kande, wadda ita ma kunyar tawa take yi, ta kalli tukunya ta ce lafiya lau.

A waya na ji gaskiyar magana, daga bakin bare. Wani abokin kasuwancina da ke Kurmi ya kira ni da hantsi.

"Musa, Allah ya jiƙan musulmi. Wa ya rasu a gidanku ban ji ba?"

Na ce babu wanda ya rasu.

"Ikon Allah. To Malam ya zo jiya ya yanki likkafani. Na ce na wane ne, ya ce na ajiya ne."

Na ajiye wayar, kuma ba tsoro kaɗai na ji ba, har da takaici. Ni da nake zaune cikin farin yadi tun safe har yamma, ubana ya tsallake ni ya tafi wurin wani ya yanki likkafaninsa. Na rufe shago na nufi gidan Gwaggo.

Gwaggo Luba ba ta da sanya. Ta yafa mayafi ta tafi ta tsare Alhaji Gambo mai turare, aminin Malam tun suna makarantar allo, ta ce ba za ta bar ƙofar shagonsa ba sai ya faɗa mata. Ya faɗa. Wata biyu ke nan Malam yana fama da fitsari. Ya matse shi kamar zai zubo, in ya tsuguna sai ya yi ta jira, ya zo a tsinke, ya tashi ya yi tsarki ya ɗaura alwala, kafin ya kai masallaci ya ji ɗigo. Su biyu sun je babban asibiti a ɓoye. Likita ya duba shi, aka ɗebi jini, aka ce akwai wani ƙullutu a ƙasan mafitsarar kowane namiji, furostet, shi ake zargi. Lambar da gwajin jinin ya nuna ta ɗan hau, ba sosai ba. Likita ya ce hakan yana iya zama kumburin tsufa kawai, yana iya zama wani abin, sai an yi hoton mara kafin ya ce komai. Aka ba shi rana, mako bakwai a gaba.

Kada ka ɗauka haka labarin ya iso mini a miƙe. Malam ya faɗa wa Alhaji Gambo rabi, Alhaji Gambo ya faɗa wa Gwaggo rabin rabi, Gwaggo kuma ba za ta iya buɗe baki ta ambaci fitsarin yayanta a gabana ba. Cewa ta yi, "Larura ce irin ta maza." Na ce wace iri? Ta ce, "Irin ta Ado." Sai da na je na tsuguna a gaban Alhaji Gambo da kaina sannan na haɗa zancen.

Daga cikin duk abin da likita ya faɗa, "wani abin" kaɗai Malam ya ji. Kumburin tsufa ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Shi a wurinsa an gama magana, ciwon Ado ne ya dawo ɗaukar ƙaninsa, ranar hoto kuma ranar karanta hukunci ce.

Mako bakwai ɗin nan ban taɓa ganin mutum ya cinye kansa kamar yadda Malam ya yi ba. Ya samo gwangwanin madara, duk zagayawa ɗaya sai ya jefa ƙwallon dabino a ciki, da safe ya zazzage ya ƙirga. In jiya sha huɗu ne yau sha biyar, to ranar nan ba mai jin muryarsa. Masu maganin gargajiyar nan da ke yawo a mota da lasifika, waɗanda a da in sun tsaya kusa da rumfarsa yake korarsu saboda batsa, yanzu sai ya ajiye buroshi ya kasa kunne. Duk alamar da suka lissafa yana da ita. In sun ce ciwon baya, sai ya dafa bayansa. In sun ce nauyin ƙafa, da yamma za ka ga yana jan ƙafa. Alhaji Gambo kuma, Allah ya saka masa da alheri ya kuma shirye shi, kullum da sabon sassaƙe a leda, wannan daga wani Bafillace, wancan daga wani mutumin Borno.

Sannan ya yanke wa kansa magani: tunda ruwa ne ke zama fitsari, sai a daina shan ruwa. Ya bar shayi, ya bar koko, ya bar fura. Tuwo sai ya ɗan dangwali miya a gefe. A zafin Kano, mutum yana tsugune a rana yana wanki, kurɓa uku yake yi a wuni. Leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni ina gani, kullum da safe ina tsugune a gabansa, abin da al'ada ta yarda in ce shi ne, "Ina kwana, an tashi lafiya?" Shi kuma ya ce wa bango, "Lafiya lau."

Lafiya lau! Wallahi akwai safiyar da na fito daga zauren nan na tsaya a lungu na daki bango da hannu.

Na aika Gwaggo ta gaya masa akwai wuraren hoto na kuɗi, yau ka je yau a yi maka, ni zan kai shi. Amsa ta dawo: "A gaya wa ɗan Luba ranar da aka sa ita ce ranar." Na sake aikawa, ya ce likitan da ya gan shi a can yake, hoton can yake so. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar ba. Na daɗe kafin na gane cewa jiran yana kashe shi, amma ranar ta fi jiran ba shi tsoro. Muddin ba a yi hoton ba, akwai sauran ƙila.

A mako na biyar ya ba wani ango hular wani dattijo. Angon bai ma damu ba, dariya ya yi ya dawo da ita. Malam kuwa ya zauna a kan benci ya riƙe hular, ya fi rabin awa bai motsa ba. Washegari ya fara bin mutane gida-gida yana neman yafiya. Har wani mai gyaran keke da suka yi cacar baki tun ina yaro sai da ya nemo shi a Dukawuya, mutumin ya ce shi bai ma tuna ba. Kowa ya samu rabonsa na yafiya, har mai kawo masa ruwan wanki. Ni ban samu ba, domin neman yafiya sai an yi magana.

Ranar hoton ta zo a ƙarshen Sha'aban. Na ce zan bi su shi da Alhaji Gambo, aka ce a gaya wa ɗan Luba ya tafi kasuwarsa. Na tafi, amma ban sayar da ko yadi ɗaya da hankalina ba. Da La'asar na tarar da Alhaji Gambo a zauren Gwaggo yana fifita da hularsa.

"Ba a yi ba," in ji shi.

Na ce, "Kamar yaya ba a yi ba, Baba Gambo?"

"To, ka san mutumin naka. Tun jiya da Azahar bai sa ruwa a bakinsa ba, wai kada fitsari ya kama shi a layi ya ji kunya. Muka yi sammako, muka yi awa huɗu a benci. Da aka kira shi, yarinyar da ke yin hoton ta ɗora masa abin a mara, ta ce, Baba, ai mafitsararka babu komai, ba a gaya maka ka sha ruwa ba? Ashe hoton ba ya fita sai mara ta cika tam. Ta ce ya je ya sha ya dawo. Ya sha ruwa leda ɗaya da ƙyar. Jikin da ya bushe kamar kilishi, ina leda ɗaya za ta je? Muna nan zaune har suka tashi."

"Ba su ba shi takarda ba tun farko?"

"Sun ba shi mana. Tana cikin hularsa."

Mako bakwai takardar tana kansa. A ninke, a cikin hula, tana shan gumi. Malam yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko ko harafi ɗaya, haka ma Alhaji Gambo. A duk gidanmu ni ne na yi sakandare, ƙannena mata duk suna gidajen aurensu, kuma ba zai kai wa 'ya mace irin wannan takarda ba. Ba zai kai wa yaran unguwa ba, kada zance ya fita. Mutum ɗaya ne ya dace ya karanta masa, shi ne kuma mutumin da ba zai iya miƙa wa ba.

Gwaggo ce ta sato ta. Ta je gidan ta zauna tana hira da Inna har lokacin alwala, da ya cire hular zai shafi kai ya ajiye ta a kan turmi, ta zare takardar ta cusa a mayafi. Na buɗe ta a zaure, ta yi laushi, ta yi rawaya a wurin ninkin. Ga shi nan da Turanci, har an ja layi a ƙarƙashi da biro: a sha ruwa da yawa awa ɗaya kafin hoto, kada a yi fitsari. Layi ɗaya tak. Da na gan ta tun ranar farko, da numfashi ɗaya zan karanta masa.

A ƙasa an rubuta sabuwar rana da jan biro. Na ƙirga a kalandar shago, ta faɗa ranar sha biyu ga azumi, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Gwaggo ta ce, "Kai kuma lafiya?" Na ce, "Gwaggo, mutumin da ya ƙi shan ruwa a Sha'aban, shi za a ce ya sha da rana tsaka a Ramadan?"

Azumi ya zo ya yi masa daɗi, domin yanzu duk gari ba mai shan ruwa, ba wanda zai sa masa ido. Da buɗa baki dabino uku da kurɓa uku. Ga aikin Sallah ya taso, huluna sun yi tsibi a rumfa, yana wanki yana layi kamar zai faɗi. Na je wurin liman da kaina na yi masa bayani. Liman ya ce ai wannan ba abin wahala ba ne, marar lafiya an yi masa rangwame, ya sha ya rama bayan Sallah. Ya taka har rumfa ya faɗa masa. Malam ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, marar lafiya ai shi ne wanda yake kwance. Ni da ƙafata nake yawo." Tun yana ɗan shekara sha uku bai taɓa shan azumi ba, wannan ma yana cikin abin da yake ji da shi.

Na koma asibitin na roƙi a mayar da shi yamma ko bayan Sallah da kwana kaɗan. Aka nuna mini littafi a cike. In ya rasa wannan rana, sai bayan wata biyu. Na kalli Malam da yamman nan yana ɗaure bakin wandonsa da ya yi masa yawa, na san ba shi da wata biyun da zai bayar. Ko ciwon bai taɓa shi ba, tsoron da ƙishirwar za su gama da shi.

Ranar sha biyu ga azumi Alhaji Gambo ya wayi gari da ciwon ƙafa. Gwaggo ce ta ƙirƙiro masa ciwon don rakiyar ta dawo kaina, shi kuma ya karɓa. Na tsayar da adaidaita sahu a bakin lungu na shiga na gaishe da Malam, na ce wa bango, "An ce Baba Gambo ba shi da lafiya. Ga abin hawa a waje." Ya ɗauki hularsa ya miƙe. Da za mu fita Inna ta miƙo wata baƙar leda ta bayan ƙyaure ba tare da ta dube ni ba, na karɓa. Tunda aka haife ni ban taɓa zama kujera ɗaya da shi ba. Ya matse a can gefe, rabin jikinsa a waje, har mai adaidaitan ya ce, "Baba, shigo ciki mana, ai da wuri."

A asibiti muka samu benci a wani dogon baranda. Wajen ƙarfe goma ma'aikaciyar hoton ta leƙo da littafinta, ta gane shi.

"Baba, yau dai an sha ruwan ko?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Baba, don Allah. Ƙarfe ɗaya muke rufewa. In mara ba ta cika ba, ba abin da zan iya yi maka."

Na fita bakin ƙofa na sayo ruwan leda huɗu masu sanyi, na dawo na jera su a kan benci tsakanina da shi. Ya kalle su, ya kau da kai. Minti goma. Minti ashirin. Ledojin suna ta gumi suna jiƙa katakon. Sai ya gyara murya, ya kalli bangon asibiti, ya ce:

"A gaya wa ɗan Luba ina azumi."

Babu Gwaggo a wurin, babu Alhaji Gambo, babu kowa sai wata tsohuwa da ke gyangyaɗi a ƙarshen benci. A nan zuciya ta ɗebe ni. Na sauka daga bencin na tsuguna a gabansa, daidai inda ba yadda zai yi ya kalli bango sai ya tsallake kaina.

Na ce, "Malam, wa zai gaya masa? Duba, ba kowa a nan. Ni ne ɗan Luban, ni ne kuma ɗanka. Wata uku ina kallonka kana bushewa, ina cewa an tashi lafiya kana cewa lafiya lau. Ka je ka yanki likkafani a wurin bare. Ka nemi yafiyar mai gyaran keke. Takarda ta yi mako bakwai a kanka, layi ɗaya ne a ciki, ni kuma ina tsugune a gabanka kullum. Liman ya ce ka sha. Likita ya ce ka sha. Allah da ya ɗora maka azumin ya yi maka rangwame. Saura wa kake jira?"

Muryata ta tashi har tsohuwar ta farka. Ban taɓa jera wa mahaifina magana uku ba, yau ga shi ina yi masa faɗa a bainar jama'a. Na jira ya tashi ya tafi, ko ya ɗaga hannu. Bai yi ko ɗaya ba.

Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta, kuma ba bango ya gaya wa ba.

"Ado ma a nan aka yi masa. Da ƙafarsa ya shigo. Suka ɗora masa abin nan a ciki, suka kalli juna. Daga ranar bai ƙara tashi ba."

Na ce, "Baffa ya shekara yana ɓoyewa kafin ya zo. Kuma ba hoton ne ya kwantar da shi ba."

"Na sani." Ya haɗiyi yawun da babu. "Kuma in na sha wannan duka, ba zan iya riƙewa ba. Zubowa zai yi. A gaban mutane." Ya ɗan tsaya. "A gabanka."

Sai a lokacin na tuna da ledar Inna. Na kwance ta, wando ne a ninke, wankakke, da ɗan tsumma. Matar nan da ta ce wa tukunya lafiya lau, ashe ta san komai, har abin da ni ban yi tunaninsa ba. Na nuna masa. Na ce, "Ga wannan. Ga kuma babbar riga a jikina. In ya zubo ni zan tsaya a gabanka, ba wanda zai gani. Kai ka zubar wa Baffa leda wata huɗu, ba ka ce ƙazanta ba ce."

Ya kalli wandon. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki leda ɗaya, amma ya kasa huda ta da haƙori. Na karɓa na huda na mayar masa. Ya yi bismilla, hawaye na bin gemunsa, ya sha. Ya sha ta biyu, ya sha ta uku. A ta huɗu ya ce, "Astagfirullah," ya shanye.

Jiran da ya biyo baya minti hamsin ne, na duba agogo ya fi sau hamsin. Tun daga rabin lokacin ya fara matse ƙafa yana gumi. Can sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Hannun nan mai kaushin sabulu, ban san yana da ƙarfi haka ba. Bai sake ni ba har aka kira sunansa. Da ya miƙe na ga ɗan danshi a gaban wandonsa, bai kai tafin hannu ba. Na baza rigata na shiga gabansa, muka tafi a haka har ƙofar ɗakin, ni a gaba shi a baya, kamar ina yi masa jagora.

An yi hoton. Aka sa ya zagaya, aka sake yi. Ya canza wando a banɗaki, na naɗe wancan na mayar a leda. Wajen ƙarfe biyu muka shiga wurin likita, wannan karon tare.

Ina so in ce likita ya ce ba komai, kowa ya tafi gida. Bai ce ba. Ya ce furostet ɗin ya kumbura, kuma yanayinsa ya fi kama da kumburin da shekaru ke kawowa, wanda maza da yawa masu shekarun Malam suke da shi. Ya ce ƙin shan ruwan nan ya kusa jawo masa wata cutar daban, ya daina. Ya rubuta ƙwayoyin da za su sassauta masa fitsarin. Amma lambar jinin nan, in ji shi, ba zai rufe ido a kanta ba. A sake gwaji bayan mako shida, in ta sauka shi ke nan, in ba ta sauka ba sai a ɗebi ɗan nama a duba.

Mako shida kuma! Na ji kamar in kifa teburin. Duk wannan dambarwa, duk azumin da aka karya, abin da muka samu shi ne wani sabon jira. Likita ya yage takarda ya miƙa wa Malam, ya danna ƙararrawa a shigo da na gaba.

Muka fito baranda. Rana ta take, ni ga azumi ga haushi, ina ta lissafin yadda za a sake komawa gidan jiya, gwangwanin madara da ƙwallayen dabino da saƙo ta bakin Gwaggo. Malam ya tsaya a inuwar wata bishiyar darbejiya. Ya cire hularsa, ya ninke takardar biyu, ya ninke huɗu, kamar yadda ya saba. Na kau da kai, don ba na son in ga ta shiga.

"Musa."

Na ɗauka wani ne a bayana, har na waiga. Ba kowa. Hular tana hannunsa na hagu, babu komai a cikinta, takardar tana hannun dama, ya miƙo mini ita. Bai iya kallon fuskata ba, maɓallin rigata yake kallo.

"Karanta mini," ya ce. "A hankali. Kada ka tsallake komai, ko da marar daɗi ne."

Na warware takardar. Sai da na goge idona da hannun riga sau biyu kafin rubutun ya tsaya wuri ɗaya, sannan na fara daga layin farko.